Ku Tambayi Goggo: Kyanwata ta ƙi sabon fo, ta koma bayan kujera

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili, barkanmu da war haka, ya muka ji da zafi? Mu dai nan Garwa sai alhamdulillahi, fanka ma iskar murhu take hurowa, in wutar lantarkin ta zo kenan. Satin nan saƙonni sun taru a kan kyanwa har na ce ko magunan arewa sun yi mitin ne sun shiga yajin aiki. Na tsamo guda biyar, yadda kuka turo su ta WhatsApp haka na sa su, suna da lamba kawai na cire. Kun dai sani ni ba likitar dabbobi ba ce, tsohuwa ce da ta buɗe ido ta tarar da kyanwa a ƙarƙashin gadon uwarta kuma har yau gidanta bai rabu da su ba, inda magana ta kai ta asibiti zan ce ku tafi asibiti.

TAMBAYA: Salam Goggo ina wuni ya gida ya jikoki. Dan Allah ki taimaka min wlh kaina ya kulle. Ina da kyanwa shekararta uku a hannuna, da muna zaune a babban gida a Yelwa tsakar gida duk kasa ce, bayan bandaki take zuwa ta tona ta rufe abinta bamu taba samun matsala ba. To wata daya kenan muka tashi muka koma haya a Rumde Ajiya, etaj na biyu, ko ina karo ne babu kasa ko cikin cokali. Kanin maigidana dake aiki a Yawunde ya kawo min wata roba mai murfi da yar kofa kamar karamin daki, da buhun farar tsakuwa mai kamshin turare wai ita ce litiyer din da turawa ke sawa, kudi sosai ya kashe. Na ajiye a kicin kusa da kwanon abincinta dan kar ta sha wahalar nema. Goggo ko lekawa bata yi ba, na kama ta na tura ciki ta fito a guje har ta yakushe ni. Yanzu bayan kujera take yi, tayi a tukunyar fulawa ta balko, shekaranjiya kuma tayi fitsari a kan dardumar maigida, ransa ya baci sosai yace in ta kara sai ya sata a buhu ya kai ta bayan gada ya yar. Na dake ta na goga hancinta a wurin kamar yadda makwabciyata tace amma kamar kara zuga ta nayi. Anya ba gayya take min ba dan mun raba ta da tsohon gida?
Yarki daga Garwa

AMSA: 'Yata lafiya lau, jikoki suna nan suna cinye min ɗan abin da na tara. Kafin komai ajiye bulalar nan. Kyanwa ba ta san gayya ba, gayya sana'armu ce mu 'yan Adam, mu da kishiyoyinmu da dangin miji. Goga hancin nan da maƙwabciyarki ta koya miki na daɗe ina jinsa kuma ban taɓa ganin kyanwar da ya gyara ba, abin da ta fahimta kawai shi ne kin zama abin tsoro, in kina kusa kada ta kuskura ta tsuguna, toh ina za ta nufa in ba bayan kujera ba inda idonki ba ya kaiwa? Haka ma tura ta da kika yi cikin robar da ƙarfi, yanzu a wajenta robar nan tarko ce.

Shekara uku fa tana taka ƙasa tana tonawa tana rufewa, rana ɗaya an ɗauke ta an hau da ita sama, gida sabo, wari sabo, ƙasa sai santsi, sannan aka nuna mata wani ɗan kurkuku mai ƙamshin shagon turare aka ce shiga ki yi. Ƙanin mijinki Allah ya saka masa, amma da idonsa da hancinsa ya yi sayayyar, ita kuwa kyanwa da tafin ƙafarta da nata hancin take zaɓen makewayi, kuma hancin nan nata ya fi namu nesa ba kusa ba, abin da kike ji ɗan ƙamshi-ƙamshi ita hawa mata kai yake. Kakanninta kyanwar daji ce ta Afirka da ƙasashen Larabawa, dabbar yashi da busasshiyar ƙasa, ɓera ne ya jawo ta rumbunan mutane shekaru dubbai da suka wuce, tona rami a rufe kashi kuwa da shi ake haifarta, ba mai koya mata. Ai ta ma ba ki amsa da kanta ba ki lura ba, tukunyar fulawa. Ta zagaye gidan kaf ta nemo wuri ɗaya tak da ke da ƙasa.

Kada kuma wani ya ce miki yashi ƙauyanci ne. Ita kanta tsakuwar buhun nan jiya-jiya ta zo duniya, a 1947 wani Ba'amurke mai suna Ed Lowe ya fara ƙulla busasshen yumɓu yana sayar wa masu kyanwa, kafin nan su ma turawan yashi da toka suke zubawa kamar kowa.

Murfin nan kuma ki tuna garin da muke. Watan 4 a Garwa zafi na wuce digiri 40, ki ɗauka an ce ki shiga masai marar taga da azahar, ƙofa ɗaya tak kuma tana bugunki a baya in kin shiga. Murfi yana tsare wari daga hancinki ne ya tara mata shi a ciki. Sai kuma kicin kusa da kwanonta, haba 'yata, ke kya ci tuwo a bakin shadda?

Ga yadda za ki yi. Ki cire murfin da ƙofar ki jefa su kan sif, in ƙasan robar yana da faɗi shikenan, in kuma ƙarami ne ko ta riga ta tsane shi ki shiga babbar kasuwa ki sayi baho na roba mai faɗi marar zurfi sosai, irin na wankan jarirai ma yana yi. Awonsa tsawon kyanwar daga hanci zuwa gindin wutsiya, ki ƙara rabin haka, yadda za ta juya ta tona ba ta taka abin da ta yi ba. Sannan ki hau moto ki koma Yelwa, ki gaida mutan gida, ki zagaya bayan banɗakin nan daidai inda take zuwa ki kankaro ƙasar wurin rabin bokiti. Za su yi miki dariya, bar su. Ƙasar nan ita ce maganin, warinta na ciki, ta san abinta. Ki haɗa da yashi mai laushi ki zuba a bahon zurfin yatsu uku a jere, santimita 5 haka.

Ina za ki ajiye? Bayan kujerar. Eh a falo, na san ba daɗi, ki daure na 'yan kwanaki. Ita ta zaɓi wurin, ke kawai kin kai mata ƙasa ne inda take nema. Da ta ci abinci ko ta tashi daga barci, lokacin ne cikinsu ke motsawa, ki kira ta kusa ki ɗan yi tono da tsinke a yashin ta ji ƙarar, sai ki tashi ki ba ta wuri, kada ki kama ƙafarta kina tona mata, kada ki tsaya a kanta kamar jandarma a shingen hanya. In ta yi ta fito ki ba ta ɗan tsokar kifi. In ta jera kwana uku huɗu tana shiga ba kuskure sai ki fara jan bahon, taku ɗaya ko biyu a rana kada ya fi, har ki kai shi inda kike so, lungun balko mai inuwa ko kusa da dush, wurin da ba hayaniya kuma ba a rufe ƙofarsa dare ko rana. Yawancin masu ce min kyanwa ta koma gidan jiya in na bincika wani ne ya ja ƙofa da dare ya kwanta. Tukunyar fulawa ki jera duwatsu a kan ƙasarta. In duk da haka tana rarrabawa sai ki ware mata ɗaki ɗaya mai iska na 'yan kwanaki, baho a wannan kusurwa ruwa da abinci a waccan, ba katifa ba tulin wanki, kina shiga kina zama da ita har hankalinta ya kwanta.

Tsakuwar Yawunde kada ki zubar. In komai ya daidaita na sati biyu ki fara barbaɗa cikin hannu ɗaya a yashin, gobe ki ƙara kaɗan, a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Ko ki ajiye roba biyu, ɗaya yashi ɗaya tsakuwa, ki bari ta kaɗa ƙuri'a, zaɓe ne da ba a iya murɗewa. Ni dai in za ki ji ta tawa mai turaren nan da wuya ta karɓa, kuma in buhun ya ƙare wa zai riƙa aiko miki duk wata? Ga Binuwai nan kwance da yashi kyauta.

Saura wanke inda ta ɓata, a nan mutane da yawa ke faɗuwa, don muddin tana jin warin fitsarinta a wuri to a wajenta nan masai ne ko ke ba kya jin komai. Ki tsane da tsumma, ki wanke da ruwa da omo, ki bi da ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, abin da ke ɗaukuwa ki kai rana. Grezil da Dettol da danginsu ki nisanta su da inda take takawa, sinadarin da ke cikinsu hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ta taka ta lashe ƙafa ya zama guba. Jabel kuma, wato bilic ɗin da ake sa wa farin kaya, abin mamaki warinsa jan kyanwa yake, in kin goge bayan kujera da shi kamar kin aika mata katin biki ne, sannan ba a zuba shi a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai shaƙe ƙirji. Bahon kansa ki kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi kullum, da zafin nan safe da yamma, duk kwana biyu uku ki juye ki wanke da sabulu ki shanya ki zuba sabo.

Surukina kuma ki gaishe shi, ki ce Goggo ta ce yana da gaskiya ransa ya ɓaci, darduma ba abin wasa ba ce. Jikin kyanwa da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne, hadisin na cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninku, amma fitsarinta da kashinta a mazhabarmu najasa ne, a wanke da ruwa har launi da wari su tafi shikenan darduma ta dawo. Daga yau in an sallame a naɗe ta a rataye, abu mai laushi a shimfiɗe shi suke nema in sun rasa yashi. Maganar buhu da bayan gada kuwa a bar ta, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ya fi ni saninsa, kyanwar da ta tashi a ɗaki in an yar da ita a bakin kogi yunwa da karnuka ne za su gama da ita. Ya ba ki sati biyu.

TAMBAYA: Goggo barka da aiki. Ni a Marwa nake Domayo, mu yashi ba matsala bane mayo na nan kusa yara nake aikawa su debo min a bokiti, kyanwata ma ta saba da robarta lafiya lau. Amma bara da damina ta sauka ruwa ya cika mayo yashi duk ya jike, sai na zuba mata toka daga murhu tace bata san zance ba, ta koma yi a bayan randa har damina ta wuce. Yanzu ga damina na tafe, wani kafinta a layinmu yace in rika zuwa ina diban garin katako kyauta. Wanne ya fi?
Maman yan biyu, Marwa

AMSA: Maman 'yan biyu ai ke a kan arziki kike zaune. Mayo Kaliyawo, kogin nan naku, yawancin shekara a bushe yake, to tun yanzu kafin ruwan watan 6 ya kankama ki sa yaran su tara miki buhu uku huɗu yadda ake tara itace. Amma ki ce su shiga can tsakiya nesa da inda ake zubar da shara da inda mutane da karnuka ke tsugunawa, su share na sama su ɗebo na ƙasa. A tankaɗe da tsohuwar rariya a fitar da kwalba da ƙaya, a baza a rana ya bushe ƙarau, a ɗure a buhu a ɗora kan bulo. Rana kaɗai ba ta kashe ƙwan tsutsar ciki duka, taurin rai gare su, in kina son hankalinki ya kwanta ki zuba yashin a tsohuwar tukunya ki ɗora a wuta kina juyawa kamar za ki soya gyaɗa, ki bari ya huce sarai kafin ki zuba mata, tukunyar kuma ta zama ta wannan aikin kaɗai.

Toka kam kyanwarki ta fi ki gaskiya. Ƙura gare ta, ta shiga hanci ta shiga ido, ta manne a ƙafa a zo a lashe, in fitsari ya sauka a kai kuma ta zama caɓi mai zafi irin ruwan tokar da muke tacewa, warin ma ƙaruwa yake. Garin katako ya fi ta nesa, yana shan ruwa fiye da yashi ma, sai dai ba nauyi, ƙafa da iska na watsa shi kina bi da tsintsiya. Ki ce wa kafintan ya ba ki na katako zalla, ba wanda aka shafa wa maganin gara ko fenti ba, ba kuma garin filawud mai gam ba. Kuma kada ki jira ranar da yashi ya ƙare ki juye mata shi kwatsam ki maimaita ta bara, yanzu za ki fara haɗawa kaɗan-kaɗan. Wanda kika kwashe ba a zuba shi a lambu ko inda 'yan biyu ke wasan ƙasa, a binne a rami ko a ƙulle a leda a kai bola.

TAMBAYA: Goggo ina yini, dalibi ne ni a Injamena ina da muzuru dan shekara biyu, tsohuwar robarsa ta fashe na sayo sabuwa kwana hudu kenan. Tun jiya sai ya shiga ya tsuguna ya dade ya fito ya sake komawa ya fi sau goma yana wani irin kuka, in na duba dan digo ne kawai har da ja-ja kamar jini, yana ta lasar gabansa kuma yau ko kallon abinci bai yi ba. Robar ce bai so ko in canza? Abokina yace in fasa parasetamol in bashi rabi.
Danki daga Injamena

AMSA: Wannan saƙon ban jira mujalla ta fito ba, a daren na kira shi, amma na sa shi nan don kowa ya gani. Ɗana ba roba ba ce, hanyar fitsari ce ta toshe ko tana dab da toshewa. Ga yadda ake rabewa, kyanwar da ta ƙi robarta tana zuwa wani wuri ta yi fitsarinta cikakke ta kama gabanta, marar lafiya kuwa shiga yake yana fita yana nishi ba abin da ke zuwa sai ɗigo. Muzuru ya fi mace shiga wannan haɗarin saboda tasa hanyar siririya ce doguwa, 'yar tsakuwa ko majina da jini kaɗan sun isa su toshe ta, fitsari ya taru, ƙoda ta tsaya, guba ta hau jini har ta taɓa zuciya, cikin kwana ɗaya zuwa uku ana iya rasa shi. Ba abin da za a jiƙa a ba shi a gida, kuma kada a matsa masa ciki wai ana taimakonsa, mafitsara na iya fashewa. Likitan dabbobi ne zai sa shi barci ya zura siririyar roba ya buɗe hanya. Wanda bai san asibitin dabbobi ba ya tambayi ofishin elebaj, wato ma'aikatar kula da kiwon dabbobi, ko masu sayar da maganin shanu, sun san inda likita yake.

Parasetamol kuwa, jama'a ku ji da kyau ku faɗa wa na kusa da ku, ba a ba kyanwa ko ɓalli. Jikinta ba ya iya narkar da shi irin namu, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, jini ya lalace dasashi ya koma ruwan ƙasa fuska ta kumbura. Abokin nan naka alheri ya nufa amma da ka bi tasa da yanzu wani zancen ake.

Alhamdulillahi ya kai shi da sassafe an buɗe, yana samun sauƙi. Abin da na ƙara masa shi ne ruwa, ga zafin Injamena ga kroket, busasshen abincin kyanwa na kanti, kyanwa kuma dama ba mashayiyar ruwa ba ce. A ajiye ruwa wuri biyu uku, na kaskon ƙasa ya fi sanyi, a riƙa jiƙa masa abinci, a kuma sa ido don wanda ya taɓa toshewa yana iya sakewa.

TAMBAYA: Goggo ina gaisuwa. Ni amarya ce a Ngaundere cikina wata hudu na fari. Saboda ruwan sama na nan garin na sayo wa kyanwata roba na sa a dakina, da kyar ta saba yanzu sati biyu tana shiga. To naje awo sajfam (ungozomar asibiti) ta rubuta min gwajin tokso tace in ina da kyanwa in yi hankali, da Hajiya maman maigida taji sai tace lallai a fitar da ita daga gidan gaba daya. Ni kuma wlh ina sonta ita ke debe min kewa in ya tafi aiki. Da gaske tana zubar da ciki?
Amarya, Ngaundere

AMSA: Amarya Allah ya raba lafiya. Hajiya ba ta yi ƙarya ba, rabin zancen dai ta ji, kuma ki bi ta a hankali jikanta take karewa. Tokso wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, kyanwa na ɗaukarta in ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama ta fito a kashinta, mace in ta kamu da ita karon farko tana da ciki tana iya taɓa jaririn, ido ko ƙwaƙwalwa, wani lokaci har ɓari. Ga ɗaya rabin. Ta baki take shiga, daga hannun da ya taɓa kashi ko ƙasa ba a wanke ba, ba don kin shafa bayan kyanwa ba. Kyanwar ma ba kullum take zubar da ƙwayar ba, sati ɗaya zuwa uku ne bayan ta fara kamuwa. Sannan wadda ta fito yau ba ta iya kama mutum sai ta kwana 1 zuwa 5 a waje, kinga robar da ake kwashewa kullum haɗarinta kaɗan ne, wadda ake bari ta kwan uku ita ce matsala. Mata da yawa ma ba ta kyanwa suke samu ba, ta naman da bai gasu ba ne, ga ku a garin shanu, tsire mai ja a ciki, sai salak da tumatir da ba a wanke da kyau ba.

Don haka daga yau kwasar roba ta koma hannun ango, kullum, ya fara aikin uba tun yanzu. Ranar da ba ya nan dole sai ke, ki sa safar hannu ko ki zura hannu a leda, ki gama ki wanke da sabulu sosai. Robar ta bar ɗakin kwana, amma tunda da ƙyar ta saba kada a cire ta rana ɗaya, a riƙa ja kaɗan-kaɗan kamar yadda na faɗa wa ta Garwa har a kai baranda inda ruwa ba ya bugowa. A daina ba ta ɗanyen nama, kada kuma ki tsinto sabuwar 'yar kyanwa a titi cikin watannin nan. Gwajin ki yi shi ki kai wa likita ya karanta miki, shi zai ce ko kin taɓa kamuwa tun da can ko sai an riƙa maimaitawa. Shafin nan kuma ki kai wa Hajiya, ki ce ƙawarta ce ta rubuta.

TAMBAYA: Goggo ina da tsohuwar mage shekara bakwai, sai yarana suka tsinto yar karama bata fi wata daya da rabi ba. Na sayi babbar roba daya nace su hada, yanzu babbar ta daina shiga a gefen robar take yi, karamar kuma bata iya hawa.
Baban yara, Kuseri

AMSA: Baban yara kai ma dai, ka yi wa uwargida amarya kuma ka ce su haɗa buta ɗaya? Ƙa'idar masu kiwon kyanwa ita ce kowace da robarta sannan a ƙara ɗaya, naka biyu ne to roba uku kenan, in gidan ba fili ko biyu ka yi amma ba a jere ba, a jere a wajensu ɗaya ce, ɗaya nan ɗaya can inda wata ba za ta tsare wa wata hanya ba. Uwargida ka mayar mata da tsohuwar robarta a tsohon wurinta in ba ka yar ba. Yi a gefe da take ma da sauƙi, ta san wurin, ƙorafi kawai take, amma shekara bakwai ta fara manyanta, ka lura ko ƙafa ce ke mata ciwo wajen hawa, in haka ne a yanke gefe ɗaya na robar ya yi ƙasa. Ƙaramar tsohon tire ya ishe ta, baki kada ya wuce yatsu biyu, yashi zalla, ban da tsakuwar kanti mai dunƙulewa don a ƙuruciyar nan komai a baki suke sawa, in ta haɗiya tana iya toshe mata hanji. Tun suna sati 3 zuwa 4 suke fara tono da kansu, taka ta wuce nan, in ta gama cin abinci ka ɗora ta a kan yashin sau biyu uku za ka ga ta kama. Ka hana yaran ɗaukarta in tana tsugune. Ka kuma kai su duka biyun a ba su maganin tsutsa, allurar haukan kare ita ƙaramar sai ta cika wata uku, ta titi ce ba ka san abin da ta zo da shi ba.